DARASIN KASUWA: ABIN DA KE SA GIDA YA YI KWANTAI A HANNUN DILLALAI

 

Yau za mu ɗan jingine maganar gero da dawa, mu duba wata haja wadda da wuya ɗan kasuwa ya ƙare rayuwarsa bai yi cinikinta ba, watau gida. A wurinmu gida shi ne rumbun ƙarshe. In riba ta taru nan ake zuba ta, in kuwa jari ya karye ko bashi ya taso, nan ake komawa a ɗebo. To, abin tsoro shi ne ranar da mutum ya je ɗiba ya tarar rumbun ba ya buɗuwa. An ba dillalai gida, wata shida ya wuce, shekara ta zagayo, masu dubawa suna zuwa suna tafiya, babu wanda ya ce na saya, ga kuma mai bin bashi kullum yana bakin rumfa. Wannan shi muke kira kwantai, kuma yana da dalilai sanannu. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda suke faruwa a nan Kano.

FASALI NA 1: GIDA DA BUHU BA ƊAYA BA NE

Ku sani, ya 'yan'uwa, hatsi yana da sauƙi uku waɗanda gida ba shi da su. Na farko, hatsi yana tafiya. In masara ta ƙi a Dawanau, sai a ɗora ta a mota a gwada wata kasuwa. Gida kuwa inda aka kafa shi nan zai tsufa, da maƙwabtansa da kwatarsa da lungunsa. Na biyu, hatsi yana rabuwa. In babu mai sayen buhu ɗari, akwai mai sayen goma, in babu shi akwai mai tiya ɗaya. Gida sai mutum guda mai kuɗin duka, a lokaci guda. Na uku, hatsi yana da farashin da kowa ya sani. Ka shiga kasuwa da hantsi, kafin ka kai layi na uku ka ji yadda wake ya kwana. Gida ba shi da irin wannan, domin babu gida biyu da suka yi daidai, kuma wanda ya saya da wanda ya sayar ba kasafai suke faɗin gaskiyar abin da aka biya ba.

Saboda haka masu sayen kowane gida 'yan kaɗan ne tun asali. Duk wani aibi da za mu ambata a ƙasa, aikinsa shi ne ya rage waɗannan 'yan kaɗan ɗin. Wannan ya kori biyu, wancan ya kori uku, har a wayi gari babu saura.

FASALI NA 2: KUƊIN DA AKA SA

Mafi yawan kwantai daga nan yake farawa. Mai gida yakan yi lissafi da abin da ya kashe: siminti kaza, rodi kaza, tayil kaza, ƙofar da aka yo masa oda kaza. Sa'an nan ya ɗora abin da yake bukata, ko na biyan bashi, ko na aurar da 'ya'ya, ko na kujerar Makka. Sa'an nan ya ƙara da abin da ya ji an ce an sayar da gidan wane. Mai saye kuwa babu ruwansa da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Abin da yake tambaya shi ne, da wannan kuɗi me zan samu a layin baya?

Gaskiya ne kayan gini sun yi tsada. Buhun siminti da ake saye wajen Naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a wurare da yawa a watan Fabrairu na 2024. Mai gida yana da hujja in ya ce ba za a iya gina irin nasa da kuɗin da ba. Amma tsadar gini ba ta sa kuɗi a aljihun mai saye. Mu da muke awo mun san wannan: ko nawa ka kashe a taki da mota da dako, in kasuwa ta faɗi, yadda ta kama haka za ka sayar.

Akwai ma'auni biyu da za su taimaka. Na ɗaya, a nemi gidaje uku ko huɗu na unguwar waɗanda aka riga aka sayar aka biya, a tambayi shaidun cinikin, a bar waɗanda har yanzu suke bakin dillalai, domin kuɗin da aka sa daban, kuɗin da aka sallama daban. Na biyu, a auna da haya. Misali, gidan da hayarsa ta shekara Naira miliyan 1 ce, aka sa masa miliyan 40, ka ga sai ya yi shekara 40 kafin ya mayar da uwar kuɗi, ban da gyara. Ɗan kasuwar da ke juya kuɗinsa sau uku ko huɗu a shekara zai yi wannan lissafi tun yana tsaye a zaure, ya yi godiya ya fita.

Kuma a lura da tayin farko. Sa'ad da gida ya fito sabo, duk masu nema a unguwar sukan zo cikin makonnin farko, kuma sau da yawa tayi mafi kyau a cikinsu yake. Mai gida ya ga an yi masa ca, sai ya ce albarka, yana zaton gobe ta fi yau. Bayan wata uku masu kuɗin sun sayi wani, saura 'yan taya-ka-gani. Ba mu ce a sallama wa duk wanda ya fara buɗe baki ba. Mun ce dai a riƙe tayin kirki da hannu biyu, a nemi ƙari kaɗan, kada a kore shi da izgili.

FASALI NA 3: SARƘAR DILLALAI

Wannan fasali namu ne, 'yan'uwa dillalai, sai a yi haƙuri da mu. Dillali na gari albarka ne ga ciniki: ya san mai nema, ya san mai sayarwa, ya haɗa su, ya karɓi la'adarsa da kowa ya sani. Ɓarna tana zuwa ne daga kayi-nayi. Misali, mai gida ya ce miliyan 20. Na farko ya kai wa na biyu a 22, na biyu ya kai wa na uku a 24, kafin magana ta isa kunnen mai saye ta zama 27. Mai gida yana zaune yana mamakin shiru, bai san an yi wa gidansa rawanin miliyan 7 ba.

Yanzu kuma da hoto ke yawo a WhatsApp da Facebook abin ya ƙaru. Mai saye zai ga gida ɗaya a wurin mutum uku da kuɗi iri uku. Me zai ce a ransa? Zai ce akwai lauje cikin naɗi. Ko ya janye, ko ya zauna jiran mafi araha. In kuma ya yarda ya taya, sai a hana shi ganin mai gida, domin kowa a sarƙar yana tsoron a tsallake shi. Mun sha ganin ciniki ya kai bakin biya ya watse a kan rabon la'ada, mai saye da mai sayarwa sun shirya, dillalai biyar suna cacar baki a ƙofar gida.

Akwai wata dabara kuma da ake yi, a kawo mutumin da ba saye zai yi ba, ya taya da tsada a gaban mai nema don a zuga shi. Wannan shi malamai suke kira najashu, kuma haramun ne a littattafanmu na fiƙihu. Ban da zunubi ma, ɓarnarsa a kasuwa a fili take: mai gida ya ji tayin ƙarya ya riƙe shi gaskiya, daga ranar duk wanda ya taya ƙasa da haka sai ya ce masa albarka. Dillalin da ya shirya abin shi ya ɗaure gidan da hannunsa.

Magani shi ne mai gida ya zaɓi dillali ɗaya ko biyu da ya amince da su, a faɗi kuɗi ɗaya, a yanka la'ada tun farko a gaban shaidu, a kuma yarda cewa duk wanda ya kawo mai saye na gaskiya za a zaunar da shi da mai gida ido da ido.

FASALI NA 4: TAKARDA

A watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, kuma har yau ita ke aiki. A ƙarƙashinta ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum yake da shi haƙƙin zama ne da amfani, wanda akan rubuta masa a takardar shaidar mallaka, galibi na shekara 99 in gidan zama ne. Dokar ta ce ba a sayar da irin wannan haƙƙi a birni ko a jinginar da shi sai da yardar gwamna. A 1989 Kotun Ƙoli, a wata shari'a ta bankin Savannah, ta tabbatar da cewa wannan sharaɗi ya hau har kan wanda ya mallaki wurinsa tun kafin dokar, ta kuma rushe jinginar da aka yi ba da yardar ba.

To, mu duba yadda muke a Kano. Gidaje masu yawa, na cikin birni da na unguwannin awon igiya, abin da suke da shi takardar ciniki ce, da hannun mai unguwa da na shaidu. Tsakaninmu wannan tana ci, domin an san juna, an san asalin wuri. Amma banki ba ya karɓar ta jingina, kamfani ba ya saye da ita, baƙon da ya zo daga wani gari ko ɗanmu da ke aiko da kuɗi daga waje lauyansa zai hana shi. Ka ga an rage masu saye ke nan tun ba a je ko'ina ba. Wanda yake da irin wannan takarda sai ya san kasuwarsa ta 'yan unguwa ce, ya sa kuɗin 'yan unguwa.

Wanda yake da shaidar gwamnati ma bai tsira ba sai ya duba abu huɗu. Sunan wa ke kan takardar? Sau da yawa gida ya wuce hannu uku, takarda tana nan da sunan na farko, wanda wataƙila ya daɗe da rasuwa. An biya kuɗin ƙasa na shekara-shekara, ko ya taru? Takardar tana gida, ko tana ajiye a banki a kan wani tsohon bashi? Abin da aka gina ya dace da abin da hukumar tsara birni, watau KNUPDA, ta amince, ko an ci hanya, an hau magudana, an shiga ƙarƙashin babbar wayar lantarki? Mai saye mai wayo zai je ofishin KANGIS a bincika masa fayil kafin ya biya ko kwabo. Gara mai gida ya riga shi zuwa.

Tun rushe-rushen da gwamnatin jiha ta yi a watan Yuni na 2023, na gine-ginen filin Idi da na tsohon otal ɗin Daula da wasunsu, masu kuɗi suka ƙara tsoron duk wurin da asalinsa filin hukuma ne, ko makaranta, ko maƙabarta, ko gefen badala. Ko jan fenti aka taɓa shafa wa bango sau ɗaya, labarin ba ya mutuwa a unguwa.

FASALI NA 5: GIDAN GADO

Babu gidan da ya kai na gado daɗewa a kasuwa. Dalili, mai shi ba ɗaya ba ne. Mutum ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha biyar, wasu suna so a sayar yau, wasu suna zaune a ciki ba su da wurin zuwa, ɗaya yana Legas, ɗaya tana aure a Damagaram, ga kuma ƙanana marayu. Babban wa ya kira dillali shi kaɗai ya ce a nemo mai saye. An taya, an sallama, ranar biya sai ga ƙanwa da mijinta: Yaya, da izinin wa?

Ku tuna abin da muka karanta a zaure. Ba a raba gado sai an fitar da bashin mamaci da wasiyyarsa. Rabon maraya ba mai sayar da shi sai wasiyyi ko alƙali, bisa maslaha. Sa'an nan ga shufu'a. A mazhabarmu ta Malikiyya, in ɗaya daga masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga bare, sauran suna da ikon su biya kuɗin su karɓe. Risala ta bayyana cewa wanda yake nan haƙƙinsa yana faɗuwa bayan shekara, wanda ba ya nan kuwa yana kan haƙƙinsa ko ya daɗe. To, wane mai hankali ne zai zuba miliyoyinsa a inda wani zai iya dawowa daga tafiya ya ce a ba shi?

Saboda haka kafin a kira dillali a fara zuwa gaban alƙali ko malamin da magada suka yarda da shi. A ƙidaya magada duka, a san rabon kowa, a wakilta mutum ɗaya a rubuce, kowa ya sa hannu, wanda yake nesa ya aiko da wakilcinsa. Dillalin da aka kawo wa gidan gado, tambayarsa ta farko ita ce: ina takardar kotu? In babu, ya ce Alhaji a je a dawo, ya huta da yawon banza.

FASALI NA 6: AIBIN GINI DA NA WURI

Mai sayen hatsi yana soka hannu har gindin buhu, domin ya san akan yi wa baki ado. Mai sayen gida ma haka. Sabon fenti ba ya ruɗin wanda ya san gini, sai ma ya sa shi tambayar abin da aka rufe. Zai dubi gindin bango ko rima ta ci shi. Zai dubi silin ko akwai taswirar yoyo. Zai dubi tsagewar da ta tashi daga kusurwar taga, ya buga katako ya ji ko gara ta cinye cikinsa, ya leƙa masai, ya tambayi tazararsa da rijiya.

Babban abin da ke kashe gida a Kano shi ne ruwa, yawansa da rashinsa. Birnin nan da cike yake da kududdufai, waɗanda aka haƙa aka yi ginin ƙasa da su, kuma su ne suke shanye ruwan damina. An cike da yawansu da shara an yi gini a kai. Ruwa kuwa bai manta hanyarsa ba. Dattawa suna tune da ambaliyar watan Agusta na 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, yara kuma sun ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a 2022 ya ɓata dukiya mai yawa. Har wa yau akwai gidajen da aka ɗaga titi ya fi su tudu, da an yi ruwa sai tsakar gida ta zama tafki. Shi ya sa masu wayo suke dubawa a cikin marka, ko su tambayi mai shayin bakin layi. A ɗaya gefen kuma, unguwar da famfo ba ya zuwa, rijiya ba ta kama ruwa, sai 'yan garuwa, mai saye zai lissafa kuɗin ruwan shekara ya cire daga tayinsa.

Sai hanya. Gidan da mota ba ta isa ƙofarsa ya rasa duk mai mota, kuma yau mai kuɗin sayen gida da wuya a ce ba shi da ita. Sai maƙwabta: injin niƙa a jikin bango, ko matattarar zauna-gari-banza a bakin lungu, ko bola. Sai fasalin ginin kansa. Wani ya gina ƙaton gida bisa son ransa, falo uku, ɗakin kwana biyu, mai iyali ba zai iya zama ba. Wani kuma tsohon ginin ƙasa ne da azara, wanda mai saye fili kawai yake gani a ciki, har ma zai cire kuɗin rushewa da kwashe ƙasa.

Hukuncin aibi a shari'a sananne ne: wajibi ne mai sayarwa ya bayyana abin da ya sani, in ya ɓoye kuwa mai saye yana da magana bayan ciniki. Ta fuskar kasuwa ma bayyanawa ta fi riba. Aibin da ka faɗa da bakinka ragi kaɗan zai jawo, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda mai saye ya gano da kansa kuwa, cinikin duka yake kashewa, ya kuma bi dillalai yana ba da labari. Abin da ke gyaruwa da kuɗi kaɗan, kamar indararo da kwata da kwanon da ya ɗaga, a gyara kafin a fitar. Abin da ba ya gyaruwa, kamar lungu da kwari, a rage kuɗi a kansa tun farko.

FASALI NA 7: GIDAN DA BA A GANI, DA GIDAN DA AKA BARI

Ba a sayen abin da ba a gani ba. Gida da 'yan haya a ciki, su ba sa so a sayar, don haka kullum da uzuri: mai ɗakin ya fita da makulli, matan gida ba su shirya ba, a dawo gobe. Mai saye ya zo sau biyu bai wuce zaure ba, ba zai zo na uku ba. Kuma yana tunanin wahalar tashinsu, domin a galibin wurare mai hayar shekara sai an ba shi sanarwar wata shida, in ya ƙi kuma sai kotu. Hanya ita ce a zauna da su tun farko cikin mutunci, a gaya musu gaskiya, a yanka ranar dubawa da sa'arta don iyali su kintsa, a kuma daidaita ƙarshen hayarsu da lokacin sayarwa.

Kishiyar wannan shi ne gidan da aka kulle aka bari. Damina biyu ta ishe shi: ciyawa ta fito, kwano ya yi tsatsa, ɓarayi sun zare wayar wuta, yara sun fasa gilashi. Daga nan sai surutu ya tashi, wai ana jin motsi da dare, wai wanda ya gina shi bai ga daidai ba. Irin wannan magana ba ta da tushe, amma uwargida in ta ji ta, Alhaji ba zai saya ba ko an ba shi rabin kuɗi. A sa mutumin kirki ya zauna a ciki, ya share, ya kunna fitila, a ga hayaƙin girki yana tashi.

FASALI NA 8: LOKACI DA HALIN KUƊI

Wani kwantan ba laifin gida ba ne, kuɗi ne babu a gari. A ƙasar nan gida da tsabar kuɗi ake sayensa. Asusun gidaje na tarayya da aka kafa a 1992 yana ba da rance mai sauƙi, amma ma'aikata masu albashi ya fi shafa, kuma sai gida mai cikakkiyar takarda. Bashin banki kuwa, a ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa 27.5 bisa ɗari, ga shi kuma yawancinmu muna gudun riba ko da ta yi araha. Saura 'yan kasuwa ke nan, su kuwa kuɗinsu yana da lokaci. Da kaka kuɗin ɗan Dawanau yana cikin buhu. Gab da azumi kuɗin ɗan Kwari yana cikin atamfa da shadda, na ɗan Singa yana cikin sukari da shinkafa. Wanda ya fitar da gida a irin wannan lokaci sai ya jira su kwance kaya.

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, aka kuma saki Naira, Dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ɗan kasuwar da yake cika shago da miliyan 50 sai ya koma neman ninkinta don ya cika shagon nan dai. Rarar da da ake kaiwa gida sai jari ya haɗiye ta.

A nan mai gida zai yi wa kansa hisabi. Hauhawar farashi ta haura 34 bisa ɗari a ƙarshen 2024. Misali, an taya gida miliyan 26 a farkon irin wannan shekara, mai shi ya ce sai 30, ya samu 30 ɗin bayan wata goma sha biyu. A ido ya ci miliyan 4. A awo kuwa, 30 ɗin nan ba ta sayen abin da 23 take saye ranar da aka fara taya shi. Gaskiya ne fili yana tashi tare da sauran kaya, don haka wanda ba ya cikin matsi, kuma gidansa yana kawo haya, yana iya jira. Amma wanda ya fitar don ya ceci jari ko ya sauke bashi, kowane wata na jira yana da kuɗinsa, sai ya lissafa shi.

KAMMALAWA

Wanda gidansa ya wuce wata shida a kasuwa, ya zauna da dillalinsa su amsa waɗannan. Mutum nawa suka duba? In babu masu zuwa sam, kuɗin ne ya yi yawa ko sarƙa ta yi tsawo. In suna zuwa ba sa tayawa, akwai abin da suke gani a ginin ko a unguwar, a bi ɗaya daga cikinsu a tambaye shi, zai faɗa. In suna tayawa sa'an nan su janye, matsalar takarda ce ko ta magada. Kowanne da maganinsa, kada a sha na ciwon kai a kan ciwon ciki.

In an samo dalilin, a janye gidan daga bakin kowa na ɗan lokaci, a gyara abin gyarawa, a haɗa takardu wuri ɗaya, sa'an nan a fitar da shi da kuɗi ɗaya ta hannu ɗaya. In mai saye yana shakka, a ba shi zaɓi na kwanaki sanannu ya bincika, Muhtasar ma ya ba cinikin gida kamar wata guda. Abin da aka karɓa kafin alƙalami a rubuta shi, a rubuta yadda za a mayar in ciniki bai yiwu ba. Ranar biya kuwa a yi ta gaban mai unguwa da shaidu, da lauya in gidan mai shaidar gwamnati ne, a kuma bi sawun canja suna har ya tabbata, don kada wanda ya saya yau ya gāji kwantan gobe.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya rufa asirin masu iyali. Wassalam.